Ledar da Injiniya Ta Ɓare

Ƙarfe takwas na safe za ka tarar ta ɗaga ƙofar shagonta, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta jera sukundireba bakwai daga babba zuwa ƙarami. Shekara ashirin da shida ke nan tana gyaran kwamfuta. Kowa a layin Injiniya yake ce mata, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don ido ya fara yi mata gardama da ƙananan notuna.

Tana da ƙa'ida ɗaya mai ƙular da masu gaggawa: ba ta buɗe kwamfuta sai ta ga matsalar da idonta. Maƙwabcinta mai buga takardu ya ce ya taɓa ganin ta zauna awa biyu tana jiran wata na'ura ta aikata laifin da ake zarginta da shi. Ni ma shaida ne.

Ƙanina direban tirela ne, har ranar da hatsari ya zaunar da shi a keken guragu. Wata takwas ba ya magana sai dole. Abin da ya dawo mana da shi wasan tuƙi ne a kwamfuta, shi da tsofaffin abokan aikinsa, kowa daga gidansa. Sai na ce bari in yi bajinta, in ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi. Na sayo sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta da fankar sanyaya ta da katin hoto, na ɗaura da hannuna ina kallon bidiyo. Minti goma na farko lafiya lau. Daga nan motarsa ta cikin wasan ta soma in'ina, ta cije, ta zabura, ta afka wa motocin abokansa. Kwana na uku ya juya kekensa ya fuskanci bango, ya ce a ƙyale shi. Wallahi na tsorata, na ga za mu sake rasa shi.

Injiniya ta zo har gida. Na fara zuba bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Ba kai ke tuƙin ba." Ta dubi ƙanina. "Direba, tayar da motar mu gani."

Ya yi kunnen uwar shegu. Ta ja kujera ta zauna. "Ni dai ban iya tuƙi ba, kuma babu inda za ni."

Da ya ga da gaske take, ya tayar. Ta ɗora tafin hannu a jikin akwatin kwamfutar tana duban agogo. Motar na fara cijewa ta ce, "Zafi ne." Ta kashe, ta kwance fankar, ta juyo ƙasanta. Ga siririyar leda nan manne, wadda ake ɓarewa kafin a ɗaura, ta hana zafin fita.

"Ka gan ta kuwa?"

"Na gan ta, Anti. Cewa na yi kar wurin ya karce."

Halin gidanmu ke nan. Kujerun falo shekara huɗu suna cikin leda, rimot ma haka. Ƙanina ya tuntsire da dariya har da hawaye. "Yaya, ashe kai ka gado Mama!"

Ta ɓare ledar, ta shafa sabon man da ke janye zafi, ta ɗaure. Ba ta tafi ba sai da ya yi awa guda a hanya ba tangarɗa.

Injiniya, ke ce ba ki taɓa canza abu biyu lokaci guda ba, ba ki taɓa ɗora wa lafiyayyen kaya laifi don ki sayar da sabo ba. Mai kunnen jin ciwon ƙarfe! Kin shigo ɗakin kin ga ba kwamfutar kaɗai ke buƙatar haƙuri ba.

Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya. Ku kuma masu gyara, ku koyi zama kusa da mai kaya kafin ku ɗauki sukundireba. Ga abin da zamanta ya saya mana: jiya ina alwala na jiyo ƙanina daga ɗaki yana daka wa abokinsa tsawa, "Malam, matsa gefe, da kaya nake!"