Sabon Yashi a Tsakar Gidan Balki

Matata takan ce ba ta taɓa ganin mutum mai zargi irina ba. Idan agogon bango ya ce ƙarfe bakwai, sai na duba na hannu, sannan na duba na waya, in duk suka yi daidai kuma in fara tunanin ko baki suka haɗa. Aikina ma ya ƙara lalata ni. Fiziks nake koyarwa a jami'a, bincikena kuma a kan ƙasa yake, wato auna irin ƙarafan da ke ɓoye a cikinta. Ranar da babu aiki ina kiwon tantabaru, ina kwance tsofaffin rediyo in mayar, wasu su tashi, wasu in ƙarasa kashe su. Amma ba boko ne ya koya mini wannan hali ba. A gindin murhun kakata Tumba na ɗauko shi, a wani ƙauye kusa da Gwashi, tun ban san dama da hagu ba.

Tumba ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoyewa. Mai nono ta sauke ƙwarya, sai ta tsoma yatsa ta ɗaga sama ta ga ko an surka da ruwa. Baƙo ya cika fara'a, yana fita za ta leƙa akurkin kaji. Ni kuwa, da yake jika namiji mijin kaka ne a wasanmu, kullum a cikin tuhuma nake, wai ni ne mijin da bai san hanyar kasuwa ba amma ya san inda ake ajiye ƙanzo. Duk da haka babu inda nake son zama kamar jikinta. Zanenta ƙamshin hayaƙi da daddawa yake yi, har yau in na ji wannan ƙamshin sai zuciyata ta karye.

Lokacin da aka cire gyaɗa, ana idar da sallar isha'i za ta tura ɗanya cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta, ƙanwata Balki a kan cinyarta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta gyara itace ta ce, "Ku ba ni kunne guda, guda ku aje, don ban yi muku alkawalin gaskiya zan hwaɗi ba." In ta kai ƙarshe kuma sai ta tambaya wa ya yarda. Duk wanda ya yi saurin cewa shi ne, ranar ba shi ba gyaɗa.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta mutanen wani gari da fari ya kora. Sun yi kwana da kwanaki suna tafiya a daji, salkunansu sun bushe, jarirai sun daina kuka don babu ƙarfin yi. A cikinsu akwai wata tsohuwa makauniya da ake ja da sanda. Ran nan da hantsi sai ga tafki a gabansu, ruwa garai-garai, ana hango tsakuwar ƙasansa. Jama'a suka zubar da kaya suka ruga. Makauniyar ta tsaya cak, ta tambayi mai janta ko yana jin kukan kwaɗi. Ya ce babu. Ta ce ya duba bakin ruwan, ko akwai sawun tsuntsu, ko kashin dabba, ko da sauro guda. Ya ce tsaf yake kamar an share. A nan Tumba ke sauke murya, ta zama makauniyar da kanta: "Ruwan da kwaɗo yaƙ ƙi, tsuntsu yaƙ ƙi, ni ɗiyar mutane mi zan yi da shi?"

Waɗanda suka riga suka sha suka kwanta a inuwa don su huta, ba su sake tashi ba. Waɗanda makauniyar ta tare da sandarta suka ci gaba da tafiya suna zaginta, har suka iske wani kududdufi mai laka da kwaɗi, suka sha suka rayu. Wata rana Balki ta tambaya ko an gode wa tsohuwar. Tumba ta ce ko kusa, har ta mutu ba wanda ke son zama kusa da ita. Balki ta ce ita dai da tana wurin da ta sha, tunda ruwan mai kyau ne. Muka yi ta yi mata dariya, Tumba ta tsame mata gyaɗa duk da haka.

Tumba ta daɗe da rasuwa. Balki ta yi aure a wani ƙauye a bayan Anka, inda kusan kowane gida ya taɓa fasa dutsen zinari. Dutsen nan yana ɗauke da dalma, ƙurarsa in ta zauna a tsakar gida sai yara masu rarrafe su kwashe ta da hannu su kai baki, ta lalata musu jini da ƙwaƙwalwa. Mijinta Mamman ya yi wannan aiki a da, a turmi, a cikin gida. Ya rantse mini ta waya cewa ya daina tuntuni. Ban yarda ba. Da na ji ɗansu Bashar ya fara rarrafe, kuma yana yawan ciwon ciki da ƙin abinci, sai na kasa barci. Na aika cewa ina nan tafe.

Shekara shida rabona da gidan. Daga Anka babur na hau, na naɗe na'urata a cikin sallaya, domin a hanyar nan duk wanda aka gani da baƙon ƙarfe a hannu, ko a ce zinari yake nema, ko a ce infoman 'yan bindiga ne. Mai babur yana satar kallona, ni ma ina satar kallonsa, haka muka isa ba wanda ya saki jiki da wani. Na'urar ba ta wuce tocila babba ba. Ana ɗora bakinta a ƙasa, ta harba wani haske da ido ba ya gani, ta faɗi ƙarafan da ke wurin. Rauninta guda ne: fatar ƙasa kawai take karantawa, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashi.

An tarbe ni da fura da dambun kaza. Bayan la'asar na fara aiki. A lungun da ke wajen gidan na'urar ta nuna dalma mai yawa, kamar yadda na zata. Na shiga tsakar gida na ɗora ta inda Bashar ke wasa. Babu komai. Na matsa gindin bishiyar dalbejiya, babu. Ƙofar ɗaki, babu. Mamman ya yi hamdala, Balki ta yi dariya har da tafi. Wallahi ni ma na so in yarda, ban taɓa son yarda da wani sakamako kamar wannan ba. Na ma fara naɗe sallayar.

Sai dai hannuna ya ƙi ƙarasawa. Lungu da guba, tsakar gida tsaf, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu? Na fara zargin na'urar, na gwada ta da 'yar ƙasar da nake yawo da ita wadda na san abin da ke cikinta. Lafiyarta ƙalau. Na tsuguna na dubi ƙasar da idona. Babu ramin tururuwa, babu tabon toka, babu ko ɓawon gyaɗa a gidan da ke da yara da awaki. Na kama turmi na kawar. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ja ce mai tauri, sauran tsakar gidan kuwa farin yashi ne mai laushi. Na sa cokali na kankare yashin a wurin wasan Bashar, na ɗora na'urar. Lambar da ta fito ta fi ta lungu.

Raina ya ɓaci, na juya kan Mamman. Na ce ya rufe ƙasa don ya rufe mini ido, ya fi son asirinsa da ran ɗansa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Bai ɗaga murya ba, ya ce ya daina fasa dutse a gida tun kafin a haifi yaron, bai san ƙurar tana zama ba, yashi kuwa ba shi ya zuba ba. Daga bakin madafa Balki ta yi magana.

"Ni na zuba, Yaya. Shekara shida ba ka taka gidan ga ba. In bari ka iske tsakar gidana awa turken awaki?"

Kwana biyu ta yi tana ɗauko shi daga rafi a ka, daro bayan daro, ta baza, ta share, yadda ake yi wa babban baƙo.

Na ba Mamman haƙuri, ya karɓa da baki, amma har yau gaisuwarmu gajera ce. An gwada jinin Bashar, an sami dalma a ciki, yana kan magani, kuma an kankare ƙasar gidan an kwashe. Likita bai yi mana alkawarin cewa dalmar ba ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwarsa ba. Sai yaron ya fara magana sosai za mu sani.

Tun daga nan nake juya tatsuniyar Tumba. Ta koya mini in tsaya in abu ya cika kyau, kuma wannan tsayawar ce ta sa na kawar da turmin. Abin da ba ta koya mini ba shi ne, ba duk abin da aka rufe ne mugu ya rufe shi ba. Na shiga gidan da shirin kama maƙaryaci, sai na iske ƙanwata da wuyanta ke ciwo saboda ta karrama ni. Wannan kunyar ba ta sake ni ba.

Ranar, da ta gane abin da lambar ke nufi, Balki ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗauke Bashar daga ƙasa, ta buɗe hannunsa ta kakkaɓe, ta goge masa baki da bakin zanenta. Ta dubi gindin bishiya, ta dubi ƙofar ɗaki, ta dubi inda take shimfiɗa masa tabarma kullum. Sannan ta dube ni, yaron yana zillo yana son sauka.

"To Yaya, ina zan aje shi?"