Ƙotar da Yaya Sale Ya Yanke

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan babban kanal, can wajen Bunkure. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Har yau in na yi mafarkinsa a tsaye nake ganinsa, dogo sambal, yana tafe a gaɓar kanal, ruwa na biye da shi a hankali. Sai in farka ina mamaki, don shekarunsa goma na ƙarshe a duƙe ya yi su, har na manta cewa shi dogo ne.

Kafin ruwan kanal ya iso mu, manomi damina kawai yake duƙawa, da rani ya miƙe ya huta. Da ruwa ya zo sai hutu ya tafi. A yanke shinkafa a dasa tumatir, a gama tsinkar tumatir a shiga albasa. Mun ga alheri, ba na musu, kwanon da ke kan ɗakunanmu daga nan ya fito. Amma fartanya tana nan yadda kakanni suka bar ta, ƙotarta ba ta fi kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, kuma yanzu wata goma sha biyu ake riƙe da ita.

Ciwon ya fara masa a ƙugu, ya gangara cinya, ya sauka ƙafar hagu. Mu kuwa duk ciwon jiki suna ɗaya muke ba shi: sanyi. Mutumin da ke yini cikin ruwa, me zai kama shi in ba sanyi ba? Aka yi ƙaho, aka shafa man zafi, aka dafa sassaƙe iri-iri. Ruwa muka ɗora wa laifi gaba ɗayanmu.

Shi kaɗai ya zargi fartanyar. Wata ranar kasuwa ya sa maƙeri ya saka masa ƙota mai tsawo har ƙirji, ya yi kwana uku yana noman albasa a tsaye. A rana ta uku da la'asar, a majalisarmu ta gindin mangwaro, ni na buɗe baki. Ni malamin firamare, wanda alli ne fartanyarsa sai ranar Asabar.

"Yaya, wannan ai fartanyar raggo ce," na ce. "Ko shara za ka yi wa gonar?"

Aka kwashe da dariya. A wajenmu da duƙawa ake gane manomi, wanda ya tsaya a gona cewa ake yi kallon hanya yake. Kafin magariba sunan "fartanyar raggo" ya zaga gari. Washegari Yaya ya ari zarto ya yanke ƙotar. Bai taɓa tayar min da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma wannan shirun ya fi min zagi ciwo.

Daga baya, da muka kai shi asibiti a Kano, likita ya ce ba sanyi ba ne, ƙashin baya ne ya cinye saboda aikin duƙe. Lokacin baya ya riga ya lanƙwashe. Shi dai bai bar barkwanci ba, yakan ce kullum a ruku'u yake, sai dai liman ya tarar da shi. Wata safiya ina tsaye kansa yana ba fangalin shinkafa ruwa, ya ce, "Audu, ni yanzu a cikin fangali nake ganin sama. Gajimare ta ƙarƙashin ƙafata suke wucewa, balbelu ma haka." Na leƙa, ga su kuwa farare suna ratsa ruwan. Zazzaɓi ne ya zama ajalinsa, amma bayan ne ya cinye masa rayuwa tun kafin nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ga injin ban ruwa na ta ƙugi, ga wayar hannu a aljihun dillalan tumatir, ga samari goye da tankin feshi tun hantsi har azahar. Mai tallar magani kan zo a keke har bakin gona, a haɗiyi ƙwaya biyu a koma duƙe. Ina jin murmushi zai yi, ya ce duk abin da aka ƙirƙiro, baya ne dai ke ɗauka.

Watan jiya na ga Habu, babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya ɗago daga noma ya dafe ƙugu, daidai inda ubansa ke dafewa. "Sanyi ne, Baffa," ya ce da ni.

Yaya bai bar dukiya mai yawa ba. Ya bar gona, ya bar 'ya'ya, ya bar guntun ƙotar nan da ya yanke, wanda uwar Habu ke tokare ƙofa da shi. Na roƙe ta, na kai wa maƙeri tare da tsohuwar fartanyar, ya haɗa su ya ɗauki awo, ya yi min dogaye guda biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Habu.

"Baffa, dariya za a yi min," in ji Habu.

"Ni za a fara yi wa," na ce.

Ranar Asabar na ɗauki doguwar tawa na shiga fangalin da ke bakin hanya, inda kowa zai gani. Aka yi dariyar kuwa, har wani tsoho ya tuno sunan nan da ni na raɗa shi, ya jefe ni da shi. Na ci gaba da noma. Can sai na ji motsi a bayana, na waiga. Habu ya ajiye gajeriyar, ya ɗauki doguwar, ya miƙe. Sai a ranar na gane ashe tsawon ubansa ya ɗauko.