Fitilar Tayar da Na Kashe

Motata tana da wata 'yar fitila da ke kamawa idan iskar taya ta ragu. A zafin Jimeta takan kama babu dalili, don haka na saba danne wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari har ta mutu.

Wata Asabar Adda, yayata, ta zo aron motar, za ta kai wa 'yarta kayan abinci a Sangere. Da safen nan fitilar ta kama. Ga mai faci a bakin titinmu na Jambutu, amma ƙiwuya ta hana ni zuwa. Na danne maɓallin, na miƙa mata makulli.

"Lafiyarta ƙalau ko?"

"Ƙalau, Adda."

Tana haye gada tayar baya ta kwanta, ashe ƙusa ce a ciki. Ta daɗe tsaye cikin rana, ga ta da hawan jini, kafin wani mai keke ya taimaka mata.

Da ta dawo, ita ce ke ba ni haƙuri. "Ka yafe mini, na lalata maka taya."

Na ce, "Ba komai, Adda." Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina cewa amin.