Maliki Bakanike da Taraktar Gindin Tsamiya

Kafin masu shayin tashar Baure su gama hura wuta, Maliki bakanike ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin darbejiya, ya jera sifanunsa daga ƙarami zuwa babba, ya kuma fara faɗa. Eh, faɗa! Duk wanda ya ce maka Maliki mai sanyin hali ne, to bai taɓa kai masa inji da datti ba. Zai dubi tarakta, ya dubi direbanta, ya ce, "Kai kuwa me baiwar Allahn nan ta yi maka?" Sai ya ja tsaki, ya naɗe hannun riga, ya shige ƙarƙashinta. Daga nan kiran sallar azahar kaɗai ke fito da shi.

Tun zamanin da aka fara kawo jajayen taraktoci ƙasar Daura yake wannan aiki. Yawancinsu an daɗe da yanka su an sayar wa 'yan gwangwan, 'yan ƙalilan da suka rage tsakanin Baure da Babban Mutum kuwa hannunsa ne ya riƙe su. Yanzu ido ya fara hazo, ya ce ƙarshen watan nan zai naɗe buhu. To wallahi ba za mu bari ya sulale shiru ba.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne saita gwamna. Wani ɗan ƙarfe ne a jikin inji, shi ke ƙara mai in garma ta yi nauyi, ya rage in ta yi sauƙi. Tsakaninsa da totur ɗin da ke hannun direba akwai siririyar sanda da sifirin. In suka yi daidai, inji ya tafi da murya ɗaya. Maliki kuma yana da doka: ba ya saita gwamna a gareji ko za a yi me. Ya kan ce, "Inji a inuwa ƙarya yake yi. Sai garma ta shiga ƙasa yake faɗin gaskiya."

Mutanen Babban Mutum sun ga amfanin dokar nan a wata damina, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. Akwai wani manomi, Nagoggo, mai gona ɗaya tak ta gado, da tsohuwar tsamiya a tsakiyarta. Shanun huɗarsa ciwo ya kashe su da rani, ga gida cike da bakin ci. Da ruwan shuka ya sauka, taraktar ƙungiyar manoma ta bi gonakin jigawa lafiya lau, har layi ya zo kansa. Tana dosar tsamiyar nan sai inji ya kurma ihu, ta zabura, ya dawo kamar zai mutu, ya sake kurma wani. Direban, Harisu, ya rantse hannunsa bai taɓa totur ba. Ya juya ya sake gwadawa, aka kuma. Ai sai ya kashe ta ya diro, ya bar takalmi ɗaya a gonar.

Kafin la'asar magana ta gama gari: masu tsamiya ba sa son ƙarar inji. Masu garmar shanu suka ce su ma ba da su ba, 'yan ƙwadago kowa ya ce yana da uzuri. Daminar ƙasarmu kuwa ba ta jiran kowa. Maƙwabta na ta shuka, gonar Nagoggo na zaune, laima na bushewa yana kallo. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in ruwan nan ya wuce shi, bana ba abin da zai zuba a rumbu.

Ya je wurin limamin unguwarsu. Liman ya ce, "Addu'a za mu yi, ba fashi. Amma ka je Baure ka taho da Maliki. A ɗaure raƙumi tukuna, sannan a yi tawakkali."

Da hantsi sai ga Maliki a bayan babur, da gwangwanin tarkacensa a cinya. Jama'a sun taru, amma daga nesa, a kan iyakar gona. Ya yi bisimilla, ya ce wa Harisu ya hau.

"Baba Maliki, ni fa ina da iyali."

"Ni kuma daga rami na fito? Hau, ka saukar da garma!"

Harisu ya hau, ya saukar da garma. Tarakta na tafiya, Maliki na biye da ita a ƙasa, kansa dab da inji. Suna isa inuwar tsamiya ihun nan ya tashi, 'yan kallo suka ja da baya suna salati. Shi ko gezau. Ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya durƙusa ya damƙo ƙasar wurin, baƙa, mai danƙo, ta sha ruwa ta riƙe. Sannan ya leƙa sandar totur, ya sa yatsa ya jawo wani baƙin abu da ke naɗe a jikinta.

"Harisu, wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne, Baba. Sifirin ne ya tsinke tun da rani, na sa robar tayar keke. Ai tana ja."

Kada a ga laifin Harisu shi kaɗai. Mu dai mun yarda da roba fiye da kima. Da ita muke ɗaure kaya a keke, da ita muke ɗaure bakin famfo, ƙafar kujera ma in ta karye ita muke nema.

Maliki ya ɗaga robar sama kowa ya gani. Ya ce, "A yashi garma ba ta da nauyi, roba ta rufa maka asiri. Nan ƙasa ta yi tauri, gwamna na neman ƙarin mai, roba ta ɗau zafi ta saki, sanda na ta lilo. Ya ba da mai ya yi yawa, ya janye ya yi kaɗan. Aljanu akwai su, Alƙur'ani ya faɗa. Amma yau kam kada ku ɗora musu laifin roba."

Ya kwance sandar, ya ga har ta lanƙwashe, ya miƙar da ita a kan dutse. Ya tona gwangwaninsa ya zaɓo sifirin, ya ja shi da hannu, bai yi masa ba, ya zaɓo wani. Ramin da kusa ke shiga ya cinye, ya sa masa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, ya cike. Daga nan aka shiga aikin haƙuri. Ya murɗa kan sanda kaɗan, a ja garma, ya saurara, ya girgiza kai, a tsaya, ya mayar baya kaɗan. Rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana yi yana yi wa Harisu faɗa. Can ya ɗaure noti tamau, ya haye gefen direba, ya ce, "Bi ta gindinta sosai."

Tarakta ta shiga inuwar. Muryar inji ta yi kauri, ta tsaya cak a wuri ɗaya, garma ta tsaga baƙar ƙasa ta fita ɗaya gefen, kunya miƙe sambal. Aka ɗau kabbara. Nagoggo kuwa bai tsaya godiya ba, ya tattare riga ya ruga gida ɗauko iri.

Kai ne, Maliki, ka shiga gonar da ƙarti suka tsaya a bakinta. Kai ne mai kunnen da inji ba ya yi wa ƙarya. Faɗanka mun sha shi, kuma mun yafe, don ba ka taɓa cewa aiki ya yi alhali bai yi ba. Muna alfahari da kai ƙwarai. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri. Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, ku rage son inuwar gareji. Ku bi inji har gona, ku taɓa ƙasar da yake ja, kada ku ce ya gyaru sai kun ji shi da kaya a wuya.

Da labarin ajiye aikin ya kai Babban Mutum, an tarar da Nagoggo yana gyaran rumbu. Ya ce, "Ku gaya masa ranar nan ban yi godiya ba, shuka ce ta ɗauke mini hankali, kunya kuma ta hana ni komawa. Ku ce masa shekarar nan 'ya'yana ba su kwana da yunwa ba. Ku ce na gode."