Malam Isiyaku da Ƙaramin Fayil

Ina shan shayi a Sheme aka bugo mini cewa Malam Isiyaku na Faskari ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara tara muna ofis ɗaya, shi ke riƙe da rajistar manoman da ake raba wa taki.

A kwamfuta yake rubuta rajistar, da wani tsarin rubutu da ake kira XML. Maimakon ya yi ta maimaita sunan gari, sai ya ba kowanne laƙabi gajere, ya keɓe ƙaramin fayil inda ya bayyana cewa wannan laƙabi Tafoki ne, wancan Damari. Na'ura takan buɗe laƙaban tukuna, sannan takardar salo, wato XSLT, ta tsara shafin bugawa. Yakan ce, "Na'ura ba ta san kowa ba sai wanda aka gabatar mata." Yakan kuma gargaɗe mu kada mu goge asali, domin in laƙabi ya narke cikin shafi, kamar sukari ne a koko.

Sai aka turo mana wani ƙwararre daga birni, da jaka mai tayoyi da Turanci mai yawa. Ya kwashi babban fayil don ya je birni ya buga jerin manoman, ya bar ƙaramin.

"Yallaɓai, ka manta wannan," in ji Malam.

"Baba, tarkace ne. Zamani ya wuce nan."

"To, Allah shi kai ka lafiya."

Da jerin ya fito, ga sunayen manoma reras, gurbin gari fayau. Musa Garba na ina? Damina ta kankama, masara na jiran taki, aka ce ba wanda za a ba sai an san garinsa. Ƙwararre ya rubuta rahoto cewa aikin ɗan ƙauye ne ya lalace.

Malam bai yi musu ba. Ya hau babur ɗinsa da filas ɗin kwamfuta a aljihu, ya kai ƙaramin fayil birni, aka sake bugawa. Mutanen Damari suka sami taki. Takardar yabo kuwa sunan ƙwararre ta ɗauka.

Na ga ƙwararren wurin zaman makoki yana ba jama'a labarin yadda ya horar da marigayi. Na miƙa masa ruwa, don maƙogwaronsa ya sha aiki.

Allah Ya gafarta wa Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya Rabi da 'ya'yansu haƙuri. Ya rubuta shi inda ba a barin gurbin kowa fayau. Amin.