Kawu Bitrus da Tsirkiyoyinsa Huɗu

Duk wanda ya san Kawu Bitrus a Unguwar Romi ya san ba a gaishe shi sai ya gama ɗaure tsirkiya. Ka ce "Ina kwana, Kawu," sai ya ɗaga maka yatsa, kunne manne da yukulelensa, ƙanwar jita mai tsirkiya huɗu, yana murɗa 'yan kunnuwanta a hankali. Yayan mahaifiyata ne, amma ni ma jira nake yi.

Yukulelen babbar nan ce mai kaurin murya, wadda ake ce wa bariton. Da ita ya tsufa a cikin mawaƙan cocinmu, kuma kujerar nan tasa ta gaba, wallahi ya fi son ta da tuwon dare.

Tsirkiyoyi biyu masu kauri daga tsohuwar jita yake cirowa. Sirara biyun kuwa zaren fatsa ne, sai ya taka har bakin kogi wajen masunta, ya bi zare ɗaya ɗaya yana ja da haƙori. Tausayi ya sa na sayo masa sababbi fil a kwali. Ya jujjuya su, ya harare ni.

"Kai Yohanna, waɗannan ai na 'yar ƙaramar yukulelen nan ne mai tsiwa. Dattijuwa za ka sa wa muryar 'yar firamare?"

Washegari na tarar Inna Rahila, matarsa, ta tsire barkono da su ta rataye a rana. Ko sannu ban samu ba!

Wajen saitin murya kuma, shi bai san wata wayar salula ba. Gurnanin injin niƙan Malam Isa maƙwabcinsa, da shi yake daidaita tsirkiya mafi kauri, sauran ukun su bi ta. Ranar da Malam Isa ya sauya inji, Kawu ya fito ko takalmi babu.

"Malam, wa ka shawarta?"

"Haba Baba, injina ne fa!"

"Injinka ne, amma muryar ta unguwa ce!"

Sai da Malam Isa ya yi ta sassauta bel yana ƙara ɗaurewa, mata na tsaye da robobin masara suna tsaki, har Kawu ya gyaɗa kai.

To, ga inda raina ke ɓaci har gobe. Aka naɗa sabon shugaban mawaƙa, Dauda, mai kaɗa kibod, kullum da waya a hannu. Ya ce muryar yukulelen ta yi ƙasa, a sa mata tsirkiyar ƙarfe a ɗaure tamau.

"Ƙarfe? Wuyanta kake so ya karye? Je ka sa wa kakarka takalmin ƙwallo tukuna!"

Lokacin kunnen Kawu ya fara nauyi. Sai ya koma cizon kan yukulelen, ya kaɗa tsirkiya, ya ji rawarta a haƙoransa, ya murɗa. Kuma daidai take fita, ni shaida ne. Amma mawaƙa suka riƙa ƙunshe dariya, Dauda ya kai ƙara wajen dattawa wai ana ba coci kunya. Kunya! Mutumin da ya yi waƙa a bikin iyayen mawaƙan nan! Aka ce wa Kawu ya huta. Kaico, ko kunyar furfura ba su ji ba.

Bai yi musu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kowace Lahadi sai ya zauna a bencin baya, ya cije kan yukulelen, ya ɗaure tsirkiyoyin tsaf, ya kwantar da ita a cinya. Ba ya kaɗawa.

Wata rana haushi ya ishe ni. "Kawu, wahalar me kake sha, tunda ba kaɗawa za ka yi ba?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "In suka kira ni fa?"

Ba su kira shi ba. Ubangiji ne Ya riga su.

Allah Ya ba ka hutawa, Kawu. Ya buɗe maka kunnuwanka tangaram, Ya zaunar da kai a sahun gaba, inda ba mai ce maka tashi. Amin.