Ƙararrawar da Aka Hana Ni Bugawa

Da safiyar Juma'a Mai Kyau, sha takwas ga Afrilu, Dogo mai ƙararrawar cocinmu ya rasu. Ni ban san biro ba. 'Yata ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Dogo, shekara arba'in da ɗaya babu mamacin da ya bar ikkilisiyar nan ba ka buga masa ba. Duk suna kaina, har ranakunsu. Ranar da uwar 'ya'yana ta tafi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka fito ba takalmi ka kama igiya. Tun ran nan muka ƙulla: wanda ya rage zai buga wa ɗan'uwansa.

Sai ka zaɓi ranar da ƙararrawa ba ta magana! Tun daga yammacin Alhamis ake ɗaure igiyarta, sai Ista. Kai da hannunka ka ɗaure ta.

Na tafi da sandata na soma kwancewa. Fada, limamin cocinmu, ya riƙe ni.

"Baba, yau ko ni na mutu, ba a bugawa."

Na ce, "Fada, ana yi maka baftisma ina tsaye."

Ya ce, "To ka san dokar kafin ni."

Na zauna ina huci. Ƙarfe uku aka shigo sujada, bagade tsirara, ba kyandir, ba ganga. Fada ya kwanta rubda ciki, coci tsit. Muka cire takalma muka bi layi mu sumbaci gicciye. A layin nan na gane: Mai gidan kansa, da ya mutu kan gicciye a rana irin ta yau, ba a buga masa ba, kai kuma tare kuka tafi. Wa ya taɓa samun irin wannan rakiya?

Amma alkawari na nan. Safiyar Lahadi, da aka ɗaga waƙar “Ɗaukaka ga Allah”, Fada ya dube ni ya gyaɗa kai. Dogo, na buga! Na buga har mawaƙa suka rasa muryarsu, har tafina ya saluɓe, har katikis, mataimakin Fada, ya rungume ni ya janye ni. Matarka tana kuka tana dariya.

Ubangiji ya ba ka hutu madawwami, haskensa ya sauka a kanka. Ya sanyaya zuciyar matarka da 'ya'yanka shida. Na cika nawa. Yanzu sai a nemo wanda zai buga mini.